Malama na son ajiye alli: yadda asusunmu ya yi da maganar

Ranar wata Asabar ce cikin watan Janairun bara. Mun gama zubi, ma'aji ta rufe akwati, masu makullai uku kowa ta ɗaure nata a bakin zane, sai Malama ta ce tana da magana. Ba za mu faɗi sunanta ba, Malama dai muke ce mata. Shekara goma ke nan tana koyarwa a matsayin ƴar kwantaragi, shida daga ciki a wani ƙauye na gundumar Illela, Illelarmu ta Adar. Litinin da asuba take barin Ƙonni, sai Jumma'a da marece ta dawo. Ƴaƴanta huɗu suna hannun uwar mijinta.

Ta ce: "Yaya, ni dai na gaji. Aikin ga ya hita raina. Ina son in aje alli in kama sayen albasa ina ajiya. Ku ba ni rancen jika ɗari da hamsin."

Wuri ya yi tsit. Sai Inna, wadda ta girme mu duka, ta gyara zama ta ce: "Ɗiyata, mi ya yi zahi haka? Aikin gwamnati za ki saki? Wanga shi na sakin reshe kama ganye."

Mun kai mako uku muna wannan magana, har wasu suka yi fushi da juna. Da muka je taron shugabannin ƙungiyoyi muka tarar ba mu kaɗai ba ne. Daga Malbaza har Badagishiri ana samun mata masu aikin wata da ke zuwa asusu da irin wannan buƙata. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta yadda muka yi, ko wata ƙungiya za ta amfana.

Ba mu musa gajiyar Malama ba. Kowa ya san halin malaman kwantaragi: kuɗin wata ba yawa, wani lokaci kuma su yi jinkiri. Ta ci jarrabawar tantancewa da aka yi wa ƴan kwantaragi a 2017, tana ta jiran lambar da za ta mai da ita cikakkiyar ma'aikaciya mai fansho, shiru. Kuɗin mota da na kabu-kabu zuwa ƙauye suna cinye wani kaso tun kafin ta auna hatsi. Ta ce ranar da autanta ya yi zazzaɓi cikin dare, ta wayar tarho aka faɗa mata, ta kwana zaune a ɗakin da mutanen ƙauye suka ara mata, babu motar da za ta kawo ta sai da gari ya waye. Duk wadda ta haihu ta san wannan dare.

Amma kuɗin da ke cikin akwati ba na Malama ba ne ita kaɗai, kuma ba na shugaba ba ne. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, abin da ya riƙe tsarin shi ne kuɗin namu ne, babu wani baƙo da zai zo ya cike giɓi in an yi asara. Mu hannu 28 muke zubawa, kowane hannu dala ɗari a mako, jika 14 ke nan. Jika 150 da ta nema zubin kusan mako goma sha ɗaya ne. In ta ɗauka, mai awara da mai man gyaɗa da ke karɓar jika biyar-biyar sai su jira.

Abin da ya sa muka yi taka-tsantsan kuwa, mun taɓa ƙonewa. A farkon 2023 wata ƴar'uwarmu da ke tsaron kanti ta yi cacar baki da mai kantin, ta ajiye makulli a ranar. Ta zo ranta a ɓace, muka tausaya, muka ba ta rance babba. Ta haɗa da kuɗin ƴan kunnenta ta shiga sarin atamfa da robobi daga Sakkwato da Illela ta Najeriya. Wata huɗu abin na tafiya. Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Kaya na shigowa ta ɓarauniyar hanya, amma da tsada, kuma ba hanyar da mace mai goyo za ta bi ba ce. Waɗanda ta ba bashi su ma suka kasa biya. Ta ci uwar kuɗin a tukunya. Shekara guda da rabi ta yi tana biyanmu kaɗan-kaɗan, fashin asusun wannan shekara kowa ya ji a jikinsa. Ba mu ce laifinta ne aka rufe iyaka ba. Amma dukanmu mun ga rufewar 2019, wadda ta kai har Disambar 2020, ya kamata a ce wata cikinmu ta tambaye ta: in hanya ta sake rufewa, da me za ki ci? Babu wadda ta tambaya. Wannan laifin namu ne.

Kada kuma a ɗauka muna cewa duk mai aiki ta danne zuciya ta zauna. Akwai wadda mu da kanmu muka ce ta bari. Shekara takwas tana shara da wanki da girki a wani gida cikin gari, daga safe har isha'i, a kan jika 15 a wata. Wata ƴar lakkwal cikin ɗiyanmu ce ta karanta mana cewa mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a Nijar ya koma jika 42. Muka lissafa mata: jika 15 a wata dala ɗari ce a yini. Ta iya masa, duk unguwa an sani. Ta karɓi jika goma ta sayi tanda da gero da mai, ta fara toyawa da asuba a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi kafin ta tafi gidan aikin. Mako shida ta yi haka. Da ta ga abin da ke saura a hannunta da safe kaɗai ya wuce dala ɗari, ta je ta yi wa matar gidan sallama cikin mutunci, har ta kawo mata wata a madadinta. Yau in ana biki a gidan ita ake ba aikin masa.

Bambancin masa da albasa shi ne inda muka fi daɗewa a kai, don nan ne lissafi yake. Masa kuɗinta na dawowa kafin hantsi. Rancenmu na mako huɗu ne, a kowace jika goma a ɗora jika ɗaya, don haka ya dace da ita. Albasa ba haka take ba. Ana cire ta a Maris da Afirilu, lokacin da ta cika ko'ina daga Galmi zuwa Tsarnawa, buhu ya faɗi warwas. Mai son riba sai ya zuba ta a rudu ya jira ta yi tsada, wajen Satumba ko Oktoba zuwa gaba, sa'ad da manyan motocin da ke kai ta Gana da Kodebuwa ke nemanta ido rufe. Tsakanin nan wata shida ne, kuma damina na ciki. Zafi na busar da ita ta rage nauyi, laima na sa ta ruɓa ko ta tsiro. Ko albasar Galmi da ta yi suna wajen jure ajiya, buhun da ka zuba ba shi kake kwashewa ba.

Sakatariyarmu ta rubuta a allo: jika 150, ƙarin jika 15 duk mako huɗu, sau shida, jika 90. Ta ce: "Malama, ke ce mai koya lissahi. Wata shidda ba ki da albashi, ba ki sai da ko albasa guda ba, ina za ki samo jika sha biyar duk wata?" Malama ta dubi allon ta yi dariya, ta ce ita fa ribar kaɗai ta lissafa.

Abin da muka tsayar shi ne ba za mu ba ta rancen ba, kuma ba mu ce ta haƙura da niyyarta ba. Muka ce ta gwada shekara guda da kuɗinta, tana riƙe da allinta. Sa'a ɗaya, lokutan sun dace: muna fasa asusu a Maris, lakkwal na tashi a ƙarshen Yuni, ba a komawa sai Oktoba, wato watannin da albasa ta fi bukatar ido suna cikin babban hutu. Hannu biyu take zubawa, ta samu kusan jika 65, ta sayar da akuya ta ƙara. Ta sayi buhu shida, wani kawunta manomi a wajen Dogarawa ya ba ta gefe a rudunsa. Mijinta ya yarda da gwajin, ko da yake ya ce maganar barin aiki a dakata.

Duk damina tana zuwa tana juya albasa, tana tsince mai laushi kafin ta shafi ta kusa da ita. Ta dawo hannunta na wari, fuskarta a sake. A Oktoba ta sayar da buhu huɗu da rabi, ɗaya da rabi ya tafi. Da ta cire uwar kuɗi da kuɗin mota da na ƴan dako da ɗan alherin kawu, ribar ba ta cika albashinta na wata guda ba. Ita da kanta ta ƙarasa lissafin a gabanmu: in albasa ce za ta maye albashin shekara, sai ta ajiye buhu saba'in da wani abu, jarin kusan jika ɗari tara, da rudu nata na kanta. Shekarar kuma ta yi kyau ne. Akwai shekarun da farashi ba ya tashi yadda ake zato.

Inna ta ce to, magana ta ƙare. Malama ta ce a'a, yanzu ma ta fara.

Don a cikin shekarar ta gano wani abu da mu ma ba mu lura ba. A hutun, yara bakwai na unguwa suna zuwa zaurenta da marece tana yi musu bitar karatu, iyayensu na ba ta abin da ya sawwaƙa. Ta ce ko sau ɗaya ba ta ji nauyinsu ba. "Ashe ba allin na ƙi ba," in ji ta, "hanyar ce, da raba ni da ɗiyana, da jiran abin da ba shi zuwa." Tun farko da ta ce aiki ya fita ranta, mu duka mun ɗauka koyarwar ce. Da mun ba ta kuɗin a Janairu, da ta bar abin da take so tare da abin da ba ta so.

A nan ra'ayinmu ya rabu, har yau bai haɗu ba. Wasu sun ce shekara goma na jira ba abin zubarwa ba ne, lambar na iya fitowa gobe, albashi ko ya yi jinkiri yana zuwa, kasuwa kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wata ta kawo maganar da ta fi taɓa mu, mu da muka koyi karatu da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci: ita kaɗai ce mace a lakkwal ɗin ƙauyen, kuma akwai iyayen da suka bar ɗiyansu mata a aji don ita. In ta tafi, wa ya san makomarsu? Gaskiya ce mai ɗaci. Amma mu a namu ganin, ba adalci ba ne a ɗora wa mace ɗaya nauyin ƙauye guda alhali nata ɗiyan na girma ba ta gani. In ta bari bayan ta yi lissafi ido buɗe, ba za mu zarge ta ba.

Daga wannan muka ƙara sharaɗi a dokar ƙungiyarmu. Wadda ke son barin aikin wata ta faɗa mana tun da wuri, mu zauna da ita da allo. Sana'ar da za ta koma sai ta juya sau ɗaya cikakke, in ta yini ce ko ta wata shida, kafin ta nemi babban rance. Sana'ar da kuɗinta ke daɗewa, kamar ajiyar albasa ko turkar ragon layya, da kuɗin fashin asusu ake yinta. Kuma wadda ta zo da fushin ranar, sai ta dawo mako mai zuwa.

Malama ta rubuta takardar neman a dawo da ita kusa da gida. Ta ba kanta wa'adi, ta faɗa a gaban mijinta da gabanmu: in shekarar karatu ta ƙare ba amsa, ba za ta koma ba, za ta haɗa albasa da bitar yara, tana kuma koyon yin gabu wajen matan Tsarnawa don ganyen da ƙananan albasa kada su tafi a banza. Ta ƙara hannu na uku a zubi. Bana buhu goma sha biyar ta zuba, rabin rudun nata ne. Inna har yanzu ba ta yarda ba, amma da aka zo ɗaukar albasar, amalanken jikanta ta aika.