Daga Kano zuwa Jidda: kilomita ba sa faɗar lokacin sauka

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400 idan aka miƙe sak. Jirgin fasinja irin wanda ke jigilar alhazai yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya bayan ya daidaita a sama, don haka mai lissafi da biro zai ce awa huɗu ta isa. Amma jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudun. Sai ya gangara zuwa titin tashi, ya jira izini, ya hau a hankali, sannan ya rage gudu tun da nisa kafin sauka. Iska ma tana da nata rabo, ko ta tura shi ta baya ko ta tare shi ta gaba. Shi ya sa tafiyar ke kai awa huɗu da rabi zuwa biyar ko da komai lafiya lau.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne hanya. Sararin sama ba fili ba ne da kowa ke ratsawa yadda ya ga dama; kowace ƙasa na da iko da nata, kuma jirgi na bin layukan da aka shata ne. Miƙaƙƙiyar hanyar Jidda ta ratsa Chadi da Sudan kafin Bahar Maliya, kusan sawun da mahajjatan ƙasa suka bi shekaru aru-aru ta Fashir da Khartoum zuwa Sawakin. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararinta, jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye ta kudu, suna bi ta sararin Habasha, tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu. Kano da Jidda ba su gusa ko taku ɗaya ba, amma kamfanonin jiragen sun nemi ƙarin kuɗin kujera.

Wani zai ce wannan hujja ce kawai ta tatsar maniyyaci, tunda awa biyu ba wani abu ba ce. Zargin ba a banza yake ba, domin ba kasafai ake rage kuɗin da aka riga aka ƙara ba, kuma haƙƙin hukumar alhazai ne ta bi lissafin dalla-dalla. Sai dai babban jirgi na shan tan-tan na mai a kowace awa, kowace ƙasar da aka ƙara ratsawa tana karɓar kuɗin wucewa, kuma jirgin da ya daɗe a sama yana rage sawun da zai yi a rana.

Agogo kuma yana ruɗa mutane. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama zai ga an rubuta sauka 5 na asuba, ya ɗauka awa bakwai ce, alhali agogon hannunsa na nuna 3. A dawowa kuwa, tafiyar nan dai za ta bayyana a tikiti kamar awa uku, kuma da lokacin Kano da aka rubuta ne mai zuwa tarbarsa zai yi aiki.