Raɗa Wa Baƙuwar Cuta Suna a Hausa: Misali Daga Mastosaitosis na Fata

1.0 Gabatarwa

A Yerwa, sau da yawa Hausa ce ke haɗa likita da majinyaci Babarbare ko Shuwa ko Babur, kamar yadda ake gani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Saboda haka sunan da aka kira cuta da shi yana da tasiri a kan jinyarta. Wannan maƙala za ta duba sunan da ya dace da wata cutar fata wadda ba kasafai ake ganin ta ba, wato mastosaitosis.

2.0 Yanayin Cutar

A fatar kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta da ake kira mast, masu ɗauke da sinadarin histamin. Idan suka taru fiye da kima sai tabo-tabo masu duhu su fito, galibi ga ƙananan yara. In an murza tabon yakan kumbura ya yi ƙaiƙayi, domin ƙwayoyin sun saki histamin. Ba a ɗaukar cutar daga wani, kuma ga yawancin yara takan lafa wajen balaga. Nettleship da Tay ne suka fara bayyana ta a 1869.

3.0 Matsalar Suna

Hausa tana da ƙyazbi da makero da ƙazuwa da borin jini. Idan aka ce wa uwa ƙyazbi ne ko makero, za ta dinga goga magani, alhali gugar ce ke tayar da cutar. Borin jini ya fi kusa, sai dai shi yakan baje ba tare da barin tabo ba.

Fassarar tushen kalmar ma ba ta warware matsalar. A 1878 Paul Ehrlich ya aro mast daga Jamusanci, inda take nufin turke dabba don ta yi ƙiba, domin ya zaci abinci ne maƙare a cikin ƙwayoyin. Wanda ya ce "turkakkun ƙwayoyi" ya gaji kuskurensa ke nan.

4.0 Kammalawa

Ana ba da shawarar "borin jini mai tabo". Sunan ya ginu a kan abin da Bahaushe ya sani, ya kuma fito da bambancin. Ke nan, wajen ƙirƙirar kalmomin likitanci, alamar da uwa ke gani ta fi asalin baƙuwar kalma cancantar zama madogara.