Tiyatar jakar zuciya: Yadda likitoci ke hasashen wanda zai murmure

Mutum zai zo asibiti ciki a kumbure, ƙafafu sun yi suntum, 'yar tafiya kaɗan sai haki. Da yawa akan fara zargin hanta, alhali matsalar tana ƙirji.

Zuciya tana zaune ne cikin wata siririyar jaka mai laushi. Idan jakar ta daɗe tana kumburi takan yi kauri ta taurare, wani lokaci har ta koma kamar ɓawon ƙwai, ta matse zuciyar ta hana ta cika da jini yadda ya kamata. A ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, tarin fuka ne kan gaba wajen haddasa wannan lalura.

Idan taurin ya zauna, maganin ƙwaya ba ya warware shi, sai an buɗe ƙirji an ɓare jakar. Aiki ne mai haɗari. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2015 sun nuna cewa mutum 6 zuwa 12 cikin 100 kan rasu sanadin tiyatar. Shi ya sa tambayar dangi ba ta wuce ɗaya: zai tashi kuwa?

Mene ne ya jawo ciwon?

Wannan likita ke fara dubawa. Wani bincike da asibitin Cleveland na Amurka ya wallafa a 2004 a kan mutum 163 ya gano cewa, bayan shekara bakwai da tiyata, kashi 88 cikin 100 na waɗanda ba a gano musabbabin ciwonsu ba suna raye. Waɗanda ciwon ya same su bayan wata tiyatar zuciya kashi 66 ne, waɗanda kuma gashin cutar kansa a ƙirji ya jawo musu kashi 27 kacal, domin gashin kan taɓa naman zuciyar kansa.

Yaya sauran jiki yake?

Jinin da ya kasa shiga zuciya komawa baya yake yi ya danƙare a hanta da ƙoda. Saboda haka idan gwaji ya nuna ƙoda ta raunana, hanta ta taɓu, ko gishirin jini ya yi ƙasa, haɗarin ya ƙaru. Haka nan yawan shekaru da raunin bugun zuciya.

Yaushe aka zo?

Wanda aka yi wa aiki yana iya tafiya da ƙafarsa ya fi wanda aka kawo ranga-ranga, yana haki ko a kwance, samun sauƙi. Zuciyar da ta shekara a matse naman ta kan shanye, ko an cire jakar sai ta kasa harba jini a kwanakin farko. A irin wannan hali kumburi kan ɗauki watanni kafin ya saɓe.

Ga mai tarin fuka, ƙa'idar ita ce a fara magani, idan mako huɗu zuwa takwas suka wuce babu sauƙi, a duba batun tiyata.

Musabbabin ciwo da shekaru ba a hannun majinyaci suke ba, amma lokacin zuwa asibiti yana hannunsa da na danginsa. Duk wanda ya taɓa yin tarin fuka, ya ga ciki da ƙafa suna kumbura, ya nemi a yi masa hoton zuciya tun da wuri.