Hanyoyin Gano Inda Furoton Ya Tsaya a Jikin Mai Ciwon Sankara

A shekarar 1946 ne wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wilson, ya kawo shawarar a riƙa ƙona sankara da furoton, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cibiyar zarra. An fara gwada wannan magani a kan majiyyata a Berkeley a 1954.

Hasken eksire ratsa jiki yake yi ya fita ta ɗaya gefen. Shi kuwa furoton tafiya yake yi zuwa wani zurfi, ya juye mafi yawan ƙarfinsa a nan, ya tsaya cik. To, wannan falala tasa ita ce kuma haɗarinsa. In ya gaza, wani sashe na sankarar ya tsira. In ya zarce, ya ƙona lafiyayyen nama, watakila ma laka ko jijiyar gani. Zurfin nan kuwa daga hoton CT ake lissafa shi, alhali da eksire ake ɗaukar hoton, saboda haka lissafin ba ya rasa kuskure. Ga shi kuma majiyyaci yakan rame ana cikin magani.

Tun da furoton ba ya fitowa balle a gan shi, sai dai a bi sawunsa. Idan ya kara da cibiyoyin zarra na jiki, yakan bar kabon-11 da oksijin-15, waɗanda na'urar PET ke iya hangowa. Sai dai rabin oksijin-15 yana ɓacewa cikin kamar minti 2, na kabon-11 cikin minti 20, jini kuma yana kwashe su daga inda aka haife su. Kafin a gungura majiyyaci zuwa ɗakin hoto, sawun ya soma dushewa.

Hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce ta hasken gama mai fitowa nan take daga cibiyoyin da furoton ya girgiza. Wannan haske yana yankewa dab da inda furoton ya tsaya, don haka kyamara mai siririyar tsaga tana iya nuna wurin tun ana cikin harbi. A Dresden ta Jamus aka fara amfani da ita a kan majiyyaci a 2015. Wahalarta ita ce ƙarfin hasken, wanda sai da ƙarfe mai kauri ake iya tace shi.

Ana kuma binciken sauraren ɗan sautin da nama ke yi sa'ad da zafin harbin ya buɗa shi farat ɗaya.