Ƙaramin Akwatin Kyauta na Takarda

A ƙasar Hausa ba a cika miƙa kyauta a buɗe ba. Idan mace za ta aika wa maƙwabciyarta da tuwo, sai ta rufe kwanon da faifai. Ana naɗe goro a ganye, kayan aure kuwa a da cikin lefe ake kai su, wato wani kwando da ake saƙawa da kaba, kafin akwatuna su maye gurbinsa. Dalilin wannan ɗabi'a shi ne sutura: idan kyautar ƙarama ce mai bayarwa ba zai ji kunya a gaban jama'a ba, idan kuma babba ce ba za a ce fariya yake yi ba.

Naɗe kaya da takarda ma ba baƙon abu ba ne a nan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya tarar fatake suna shigo da takarda mai yawa daga Turai ta hanyar Sahara. Takardar tana da alamar jinjirin wata guda uku, kuma da ita ake naɗe tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano. Abin da ya zo mana daga baya shi ne dabarar mai da takarda akwati ta hanyar ninki kawai. Mutanen Japan ne suka shahara da wannan fasaha, suna kiranta origami. Akwatin da za mu koya sunansa masu a harshensu, domin ya yi kama da wani ma'aunin katako da suke awon shinkafa da shi, kamar dai mudu a wurinmu.

Ɗalibin da ke zaune a Idu, cikin Abuja, ba zai rasa kayan aiki ba. Unguwa ce ta masana'antu, kwalaye da takardun da aka gama amfani da su ba sa yankewa. A nan ne kuma tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Kaduna take, wadda aka buɗe a shekarar 2016, kuma matafiyi ba ya so ya isa gida ba tsaraba. Abin da ake bukata bai wuce takarda biyu, da almakashi, da rula, da ɗan gam ba. Tsohuwar kalanda tana yin kyau ƙwarai saboda kaurinta da launukanta. Sai dai a duba tukuna: takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba a yanka ta, ba a kuma yin naɗi da ita.

Yadda ake ninke akwatin

Farkon aiki shi ne a sami murabba'i, wato takardar da gefunanta huɗu suka yi daidai. Takardar ofis da ake kira A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kuwa ya kusa 30. A kama kusurwa ɗaya a ja ta har gajeren gefen ya kwanta a kan dogon, sannan a yanke abin da ya yi saura. Kada a yar da wannan ƙyallen, zai yi amfani a gaba.

A ninke murabba'in gida biyu a buɗe, a sake ninke shi ta ɗaya ɓangaren a buɗe. Inda layukan biyu suka gitta nan ne tsakiya. A kawo kusurwoyin huɗu su haɗu a wannan ɗigo, takardar za ta yi kama da ambulan. A nan ne yawancin ɗalibai suke ɓata aikinsu. Na sha ganin yaro yana gaggawa, kusurwa ɗaya ta zarce tsakiya da ɗan kaɗan, ya ce ba komai. Da komai! Kowane ninki na gaba a kan wannan yake hawa, saboda haka kuskuren sai ya riƙa ƙaruwa, a ƙarshe akwatin ya karkace, murfi ya ƙi shiga. A danne kowane ninki da bayan farce ko gefen rula har ya yi kari, irin wanda dutsen guga ke bari a jikin wando. Karin nan shi ne zai tsai da bangon akwatin, tun da ba za a sa gam ba.

Daga nan a ninko gefen sama da na ƙasa zuwa tsakiya, a danne, a mai da su. A yi haka ga gefen dama da na hagu. Yanzu a buɗe kusurwar sama da ta ƙasa gaba ɗaya, a bar sauran biyun a kwance. A ɗaga gefen dama da na hagu su tsaya, bango biyu ke nan sun samu. Idan aka ɗaga kusurwar sama, za a ga takardar tana neman lanƙwashewa ciki ta gefe biyu, a bisa karin da aka riga aka yi. A tura ta ciki da yatsa, a kifo kusurwar ta haye bangon ta kwanta a gindin akwatin. A maimaita ta ƙasa.

Murabba'i mai santimita 21 yana ba da akwati mai faɗin santimita bakwai da ɗoriya, zurfinsa kuma rabin haka. Wannan shi zai zama murfi. Gindin kuwa a yi shi da murabba'i mai santimita 20, domin ya shige cikin murfin ba tare da matsi ba.

Ƙullin ado

Yanzu a ɗauko ƙyallen da aka ajiye, a yanka shi tsaye-tsaye, kowane yanki faɗin santimita biyu. A ɗauki ɗaya a lanƙwaso bakinsa biyu su haɗu a tsakiya, a manna, amma kada a danne gefunan, a bar su a kumbure kamar kunnuwa biyu. A rage tsawon na biyu kaɗan, a tsaga kowane baki nasa kamar wutsiyar kifi, a manna shi a ƙarƙashin na farko. Ɗan guntu kuma a kewaye tsakiyar da shi ya ɓoye mahaɗin. Daga nesa sai a ɗauka kintinkiri ne aka ƙulla. Wanda ba shi da gam yana iya jiƙa ƙaro, ko ya dama sitaci da ruwan zafi.

Ku lura da kalmomin aikatau huɗu da muka yi ta amfani da su, domin masu koyon Hausa sukan gauraya su. Ana ninke takarda ko zane. Ana naɗe abu a cikin wani abu. Ana manna abu da gam, ana kuma ƙulla igiya ko zare.

Akwatin zai ɗauki dabino, ko alewa, ko 'yan kunne, ko ƙaramar kwalbar turare. Cincin da dubulan suna da maiƙo, sukan ɓata takarda, sai an fara sa su a leda mai tsabta. Kada kuma abinci ya taɓa jarida, saboda tawadar da ke jikinta. Da damina takarda takan sha danshi ta yi laushi, don haka akwatin da aka yi domin Sallah ko bikin suna a ajiye shi a busasshen wuri, kada a ɗora masa komai har ranar.