Kunun Damina a Kerala

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu jihar Kerala, a gaɓar tekun kudu maso yammacin Indiya, inda ake sauya abin da ke cikin tukunya da zarar damina ta kankama.

Ruwan farko kan sauka a Kerala a farkon watan Yuni. Kafin tsakiyar Yuli marka ta zauna, sama ta yi baƙi ƙirin, tufafi ba sa bushewa a kan igiya. A nan ne watan Karkidakam ke kamawa, watan ƙarshe a kalandar mutanen jihar, wanda ke kaiwa tsakiyar Agusta. Kakanninsu suna kiransa watan fatara. Rumbu ya yi ƙasa, sabuwar shinkafa ba ta nuna ba, teku ya yi fushi masunta sun zauna a gida, ga zazzaɓi da gudawa suna bin unguwa-unguwa. A cikin wannan ƙunci aka samo al'adar da har gobe ake yi, wato shan kunun Karkidakam.

Da yamma uwargida kan wanke wata shinkafa mai suna Njavara, wadda ke nuna cikin kwana 60 ko kusa da haka. Ta jiƙa hulba da algarif, ta daka busasshiyar citta da wasu saiwoyi, ta haɗa su a tukunya har shinkafar ta yi luguf. Daga nan sai ta tace madarar kwakwa ta zuba, ta sa mazarƙwaila kaɗan ko gishiri, ta sauke. Da zafinsa ake sha, ƙamshin hulba ya cika ɗaki, ruwa na dukan rufi. Gidaje da yawa kan yi kwana bakwai a jere suna sha, wasu su ninka, kuma a kwanakin nan akan ajiye nama da kifi da soye-soye.

Wannan kunu reshe ne na Ayurbeda, tsohon ilimin magani na Indiya, wanda ma'anar sunansa a harshen Sanskirit ita ce sanin rayuwa. Manyan littattafansa su ne na Charaka da na Sushruta, sai na Bagbhata mai suna Ashtanga Hridayam, wanda masu magani a Kerala suka fi riƙo da shi. Littattafan sun raba shekara gida shida, kowane yanayi wata biyu, kowanne da irin cimarsa da irin hutunsa.

A fahimtarsu, abubuwa uku ke tafiyar da jikin mutum. Akwai bata mai ɗabi'ar iska, da pitta mai ɗabi'ar zafi, da kafa mai sanyi da nauyi. Ciki kuwa murhu ne, wutarsa sunanta agni. Suka ce zafin bazara na raunana jiki, damina kuma ta zo ta tarar da wutar cikin ta yi sanyi. Murhun da wutarsa ta yi ƙasa ba a ɗora masa babbar tukunya, don haka a damina sai a koma ga abinci mai ɗumi, mai sauƙin narkewa, da tsohon hatsi, da romo, a bar barcin rana, a kauce wa ruwan kogi, a tafasa na sha.

Likitancin zamani bai san bata da pitta a ɗakin gwaji ba, yana ɗaukarsu tsohon salon bayani ne. Amma kan tafasa ruwa a lokacin ambaliya, bakinsa ɗaya da Ayurbeda. A gidajen abinci na Kerala har yau ana ajiye wa baƙo ruwan ɗumi, wani lokaci da launin ja-ja saboda guntun wata itaciya da aka dafa a ciki. Kafin kowa ya ga ƙwayar cuta a madubin likita, mutanen nan sun lura cewa wanda ya sha dafaffen ruwa ya fi tsira daga ciwon ciki.

Banda kunu, akwai kwaɗon ganye goma da ake yi da kankararriyar kwakwa. A ciki akan sami ganyen kabewa, da na gwaza, da na wake, da alayyafo, da wani ganye da suke kira takara, wanda Bahaushe zai gane shi nan take, domin tafasa ce. Ganyen da ke rufa wa talaka asiri a Katsina ko Maraɗi kafin gero ya nuna, shi ne ke yin wannan aiki a can. Abin mamaki, zogale da asalinsa ƙasar Indiya ce, a wannan wata ɗaya tsofaffin Kerala kan ce a bar ganyensa sai ruwa ya ja baya.

Littattafan sun kuma kula da tsakanin yanayi biyu. Mako na ƙarshen wanda ke fita da mako na farkon wanda ke shigowa, kwana 14 ke nan, a cikinsu ake sakin tsohuwar cima a hankali, ana kama sabuwa, don kada jiki ya ji sauyin farat ɗaya.

Rayuwar yau da kullum ma a tsare take. A tashi kafin fitowar rana, a yi asawaki da reshen darbejiya ko makamancinsa, a kankare harshe, a shafa man riɗi, a motsa jiki har gumi ya tsattsafo a goshi, sannan a dakata. Ba a ƙara abinci sai na baya ya narke. Charaka ya kasa ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar shi fili, abin da zai tuna wa Musulmi mai sauraro koyarwar hadisi kan cin abinci.

A yau watan fatara ya zama watan jinya. A garin Kottakkal, cibiyar Arya Vaidya Sala da P. S. Varier ya kafa a 1902 tana karɓar marasa lafiya daga ciki da wajen Indiya. Masu tausa kan dafa shinkafar Njavara da madara, su ƙulle ta a ƙyalle kamar ƙullin magani, su riƙa dannawa a gaɓoɓi da ɗuminta. Hatta giwayen wurin bauta na Gurubayur akan ba su hutun wata guda a Yuli, da abinci na musamman. Gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikatar magungunan gargajiya a 2014, kuma a 2022 aka aza harsashin cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan wannan fanni a Jamnagar da ke jihar Gujarat.

Sai dai akwai inda ake buƙatar hattara, wato maganin kwalba. A 2004, Dakta Robert Saper da abokan aikinsa sun gwada magungunan Ayurbeda 70 da suka saya a shagunan birnin Boston na Amurka, suka sami dalma ko zaiba ko sinadarin asanik a guda 14. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba ƙaramar magana ba ce. Mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai juna biyu, kada ɗayansu ya ajiye maganin asibiti ko ya haɗa shi da wani ba tare da shawarar likita ba. A Kerala ma, zazzaɓin denge da cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwan ambaliya, asibiti ake kai su.

Idan Agusta ta raba tsakiya, Karkidakam sai ya wuce, watan Chingam ya shigo da rana da sabuwar shinkafa. A wanke tukunyar kunu a kife ta, yara su fita tsinko furanni don bikin girbi na Onam, a shimfiɗa ganyen ayaba a jera masa abinci kala-kala.