Idan Ɗan Sanda Ya Yi Ɓarna, Wa Ke Biyan Diyya?

Darasinmu na yau zai kai mu nesa, ƙasar Amurka. Ga tambayar da za mu duba: idan ɗan sanda ya ji wa mutum ciwo, ko ya kashe shi ba bisa haƙƙi ba, wa zai biya diyya? Shi ɗan sandan, ko garin da ya ɗauke shi aiki?

Kafin mu shiga, ku riƙe abu biyu. A nan Nijar, yawancin ƴan sandan da kuke gani na ƙasa ne, suna ƙarƙashin ministan cikin gida. A Amurka ba haka ba ne. Kusan kowane gari da nasa ƴan sanda. Hukumar gari ce ke ɗaukarsu, ita ke biyansu albashi. Hukumomin ƴan sanda a can sun kai wajen dubu 18. Abu na biyu, in kun ji mun ce dala, ba dalarmu ta tamma 5 muke nufi ba. Dalar Amurka ce, kowace ɗaya ta fi tamma 500.

Labarin Amadu Jallo

Amadu Jallo Bafillatani ne, ɗan ƙasar Gini. Ya je birnin Niyok a 1996. Yana kasa kaya a bakin titi, yana sayar da safa da kaset. Ran 4 ga Fabrairu 1999, da tsakar dare, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx. Sai ga ƴan sanda 4 cikin farin kaya, ba su sa kaki ba. Suna neman wani mai laifi ne. Amadu ya sa hannu aljihu, ya ciro jakar kuɗinsa. Su kuwa suka ce sun zaci bindiga ce. Suka yi harbi sau 41. Harsashi 19 suka same shi. Nan take ya cika. Shekararsa 23, kuma ko wuƙa babu a jikinsa.

An kai ƴan sandan nan 4 gaban shari'a. A watan Fabrairu na 2000, kotu ta sallame su duka, ba wanda ya shiga kaso. Za ku ce magana ta ƙare ke nan. A'a. Iyayen Amadu suka shigar da wata ƙarar dabam, suka haɗa da birnin Niyok. A 2004 birnin ya yarda ya biya su dala miliyan 3. A canjin wancan lokaci, kuɗin sun haura sefa miliyan 1500.

To, yaya aka yi kotu ta wanke mutane, amma kuma aka biya diyya? Dalili shi ne shari'ar iri biyu ce. Akwai shari'ar laifi. A nan gwamnati ce ke ƙara, abin da ake nema kuwa shi ne ɗauri. Ba a ɗaure mutum sai hujja ta kore duk wani shakku mai ma'ana. Akwai kuma shari'ar neman diyya. A nan wanda aka cuta ne ke ƙara, ko magadansa, kuɗi ake nema. Hujjar da ake bukata ba ta kai ta farko nauyi ba. Ya isa a ga cewa maganarka ta rinjayi ta abokin shari'arka. Saboda haka mutum na iya tsira daga kaso, amma diyya ta hau.

Kuma sau da yawa ba a kai wa ga hukunci. Lauyoyin gari su duba, su ga in an ci gaba za a iya faɗuwa, sai su nemi sulhu. A sulhu irin wannan, galibi gari ba ya cewa ya yi laifi. Kuɗi kawai yake bayarwa, a rufe magana.

Yaron kiwo da mai shanu

Ku manoma kun san wannan. Idan shanu suka shiga gona suka yi ɓarna, ba a tsayawa kan yaron da ke kiwo. Me gare shi? Sanda da gora. Mai shanu ake nema, shi ke biya. Kowa zai ce haka ya kamata a yi da ɗan sanda: gari ne ya ba shi bindiga, gari ya biya. Amma dokar tarayya ta Amurka ba ta bi wannan hanya kai tsaye ba, kuma abin yana da tarihi.

An gama yaƙin basasa a Amurka a 1865, aka ƴanta bayi. A jahohin kudu, wasu fararen fata suka kafa ƙungiyar Ku Klux Klan, suna dukan baƙar fata, suna kashewa. Hukumomin wurin kuwa suka kau da kai. Don haka a 1871 majalisar ƙasa ta yi doka. Dokar ta ce duk wanda ya fake da ikon hukuma ya tauye wa wani haƙƙinsa, ana iya kai shi kotun tarayya a nemi diyya. Yau ana kiran ta sashe na 1983. Kada lambar ta ruɗe ku, ba shekara ba ce, lambar sashe ce cikin kundin dokoki.

Dokar ta yi kusan shekara 90 ba a cika amfani da ita ba. Sai a 1958, ƴan sanda 13 na birnin Shikago suka fasa gidan wani baƙar fata mai suna James Monroe da asuba, ba su da takardar izini. Suka tsai da shi da matarsa tsirara, suka birkice gidan. Suka tsare shi awa 10, sannan suka sake shi ba tuhuma. Ya kai ƙara. A 1961 Kotun Ƙoli ta ce yana iya ƙarar ƴan sandan, amma ban da birnin. Wato a kama yaron kiwo, a bar mai shanu.

A 1978 kotun ta sake shawara, cikin shari'ar da ake kira Monell. Wannan ma ba ta ƴan sanda ba ce. Mata ne ma'aikatan birnin Niyok, waɗanda aka tilasta wa tafiya hutu ba albashi don sun yi ciki. Kotu ta ce daga yanzu ana iya ƙarar gari. Amma ta sa sharaɗi. Ba za a kama gari don kawai shi ne ubangidan mai laifi ba. Sai an nuna cewa ɓarnar ta fito daga ƙa'idar da garin ya kafa, ko daga wata al'ada da ta zauna har shugabanni suka san da ita suka ƙyale. A 1989 kotu ta ƙara da cewa rashin horar da ƴan sanda ma yana iya jawo wa gari alhaki, in sakacin ya kai na ko-in-kula.

Mu koma gona. Kamar a ce maka: ba za ka samu ko zangarniya ɗaya daga mai shanu ba, sai ka kawo shaida cewa shi ya ce a bi ta gonarka, ko kuwa ya daɗe da sanin yaronsa na yin haka bai hana ba. Kun ga wannan shaida ba ta samuwa da sauƙi. Takardun suna hannun wanda kake ƙara.

Shi ma ɗan sandan yana da tasa garkuwa. Kotun Ƙoli ce ta ba shi, musamman a wani hukunci na 1982. Ko ya tauye haƙƙin mutum, ana iya korar ƙarar, sai fa in doka ta riga ta fito fili cewa irin abin da ya yi haramun ne. A aikace, alƙalai kan nemi a nuna musu wata tsohuwar shari'a mai kama da wannan. In babu, mai ƙara ya koma gida hannu wofi. Masu goyon baya suna cewa ɗan sanda na yanke shawara cikin ƙiftawar ido, in yana tsoron kotu ba zai iya aiki ba. Akwai gaskiya a nan. Amma wanda aka karya wa ƙafa, wannan bayani ba zai biya masa kuɗin asibiti ba.

Sai dai kowace jaha tana da nata dokoki, ban da na tarayya. A wasu jahohi, kamar ta Niyok, ana iya kama gari kai tsaye kan duka ko kamun zalunci da ɗan sandansa ya yi a bakin aiki. Shi ya sa lauyoyi kan bi ta ƙofofin biyu a lokaci ɗaya.

Aljihun wa ake taɓawa?

Yanzu ga abin mamaki. Ko da sunan ɗan sanda ne a takardar hukunci, ba shi ke biya ba. Garin ne ke ɗauke masa. Jahohi da garuruwa da yawa sun rubuta haka cikin dokokinsu: in ma'aikaci ya jawo diyya a bakin aiki, hukuma za ta ba shi lauya, ta kuma biya a madadinsa.

Wata malamar shari'a a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Joanna Schwartz, ta bi diddigin abin. Ta tattara bayanan hukumomin ƴan sanda 81, daga 2006 zuwa 2011, ta buga sakamakon a 2014. A manyan hukumomin, an biya sama da dala miliyan 730. Abin da ya fito daga aljihun ƴan sanda kansu bai wuce 2 cikin dubu 10 ba. Ku ɗauki alli ku gwada a allo. A ce diyyar jika 10 ce. Ɗan sanda ya ba da tamma 2, ko dalarmu ɗaya ba ta cika ba. Sauran duka hukuma ta biya.

Wannan tsari yana da amfani ga wanda aka cuta. Albashin ɗan sanda ba zai taɓa biyan miliyoyi ba. In aka ce shi kaɗai za a bi, marayu ba za su ga komi ba. Ku dubi George Floyd, wanda ɗan sanda ya danne wa wuya da gwiwa sama da minti 9, a birnin Miniyapolis, ran 25 ga Mayu 2020. An yanke wa ɗan sandan ɗaurin shekara 22 da rabi. Amma dala miliyan 27 da aka ba iyalinsa a watan Maris na 2021, birnin ne ya biya.

To, ina gari ke samun kuɗin? Gari ba shi da gona, ba shi da garke. Lanho ne da kuɗin kasuwa da jama'a ke zubawa. Manyan birane suna ware kaso cikin kasafin shekara. Shikago har bashi ta sha ci don biyan irin wannan diyya. Ƙananan garuruwa kan shiga inshora, kamar yadda mai mota ke yi. A 2015, wani ƙaramin gari mai suna Inkster, a jahar Mishigan, ya amince zai biya kusan dala miliyan 1 da dubu 400 ga wani mutum da ƴan sanda suka yi wa dukan kawo wuƙa a bakin hanya. Babu kuɗin a asusu. Sai aka ɗora wa masu gidaje ƙarin lanho na musamman. Talakawan da ke kukan ƴan sanda, su ne kuma suka biya. A 2010 kuwa, garin Maywood na Kalifoniya ya rasa inshorarsa, ƙararraki sun yi yawa. Dole ya rushe rundunar ƴan sandansa baki ɗaya.

Nan ne gardama take. In mutum ya san ba aljihunsa za a taɓa ba, me zai sa ya yi hattara? A ganinmu tambayar tana kan hanya, ko da yake kora daga aiki da ɗauri su ma horo ne. Jahar Kolorado ta gwada bin tsakiya. A 2020 ta yi doka: in hukumarsa ta tabbatar ɗan sanda bai yi aiki da kyakkyawar niyya ba, zai biya kashi 5 cikin 100 na diyyar, ko dala dubu 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Sauran na hukuma ne. Ta haka wanda aka cuta zai samu haƙƙinsa, mai ɓarna kuma ya ji a jikinsa.

Wasunku suna da ɗa ko ƙane a can, don akwai ƴan Nijar da Hausawan Gana da ke zaune a unguwar Bronx ɗin nan. In kun rubuta musu wasiƙa, tunda yanzu hannunku ya fara faɗawa, ku gaya musu wannan. Dokar 1871 ba ta ƴan ƙasa kaɗai ba ce, baƙo ma yana iya ƙara da ita. Lauyoyin irin wannan shari'a galibi ba sa karɓar kuɗi tun farko. Sai an ci, su ɗauki wajen kashi ɗaya cikin uku. Amma akwai wa'adi. A jahar Niyok, mai son ƙarar gari bisa dokar jaha sai ya kai takardar sanarwa cikin kwana 90 daga ranar da abin ya faru. In ya makara, sai ya roƙi alƙali ya ba shi dama, kuma alƙali na iya ƙi. Don haka tun ranar farko a je asibiti a karɓi takardar likita, a rubuta rana da wuri da lambar ɗan sandan, da sunayen waɗanda suka gani da idonsu.